Rumfar Ragar Gidan Baksh

Ana gab da magariba tsakuwa ta farko ta faɗo kan rufin gidan Fazal Baksh, a bayan garin Kissimmee. Yana zaune yana cin gurasar roti da wake, matarsa Shameeza ta ce ƙila kurege ne. Ta biyu ta faɗo, ta uku ta biyo. Sai kwaɗin da ke bayan gidan suka yi tsit gaba ɗaya.

Abin ya samo asali ne daga guguwar bara, irin manyan nan da ake raɗa wa suna, wadda sunanta ya kwanta mini yanzu, sunan mace ne dai. Ita ta kwantar da rumfar ragar da ta lulluɓe tafkin wankansu, ƙarafunan suka lanƙwashe cikin ruwa. Ma'aikacin inshora ya zo, ya ɗauki hoto, ya ce kada a taɓa ko tsinke sai kamfani ya yanke hukunci. Fazal mutum ne mai bin doka. Ya kulle ƙofar baya, ya jira. Ruwa ya yi kore, gansakuka ta rufe shi, ganye ya ruɓe a ciki. Da amsa ta zo, aka ce gida aka yi wa inshora, rumfar raga sai wanda ya yi mata tata daban. A cikin wannan fushi ya fita da almuru, ya juye jarkar kulorin, maganin tsabtace ruwa mai ƙuna, a tafkin, ko bisimilla babu.

Washegari aka fara jifan. Bayan jifan sai muryoyi, ƙasa-ƙasa, kamar ana lallashin jariri. Sannan 'yarsu Nafeeza, wadda ke karatun aikin jinya, ta daina cin abinci. Kullum rana ta faɗi sai a same ta tsaye a bakin tafkin, idanu a kafe, fatar hannuwanta ta yi ja kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

"Baban Nafeeza," in ji Shameeza, "ka gaji da kiran kamfani. Yanzu kira Malam."

Malam Haniff ya zo bayan la'asar, tsoho mai dogara sanda. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can ta ɗaga kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Ya ƙona mini jika."

"Wa ya kawo ku gidan mutane?" in ji Malam.

"Gida? Ƙofa a kulle, raga a ƙasa, ba mai leƙowa. Guguwa ta lalata mana fadama, muka ga kango muka shiga. Da ya yi sallama da mun matsa."

Fazal ya ce, "Wallahi kamfani ne suka ce kada in taɓa."

"Kamfanin ne ya zuba wutar, mai tumbi?"



Malam ya ce, "Ya yi kuskure, Iya. Yarinyar ba ta yi ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Jikana ba ya iya tafiya. A cikin ruwa za a mayar da shi. Wanda ya ƙona shi ya ɗauke shi, ya kai shi magudanar bayan shinge, kuma kada ya zubar da ɗigo."

Aka ba Fazal bokiti. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗebo koren ruwan. Da ya ɗaga, kafaɗarsa ta amsa, don nauyin ya fi na ruwa. Ya bi ta kan karyayyun ƙarafa, ya ratsa ciyawa zuwa magudanar da ke bayan shinge, yana tafe yana ba da haƙuri, sauro na cizonsa bai iya kora ba. Wani abu na numfashi a hankali cikin bokitin. Bai duba ba.

A bakin magudanar ya karkata bokitin sannu-sannu har ya zama wayam. Yana nan durƙushe, ya kasa juyowa, sai ya ji an kira shi daga gida, da muryar da ya sani tun tana goye.

"Baba! Me kake yi a can cikin sauro?"