Shago Na Bakwai a Hanyar Zango

Ranar da aka buɗe plazar Alhaji Kalilu a bakin hanyar Zango, Zinariya ta fara ganin Mahdi. Wayarta ce ta faɗi cikin turmutsitsi, ya ɗauka ya duba.

"Ki kawo ta shago na bakwai, gyaranta sana'ata ce," ya ce yana murmushi.

Shagon atamfar mahaifinta, Malam Maharazu, yana kallon nasa. Kafin shekara ta zagayo yana kiranta Hasken Idona, ita kuma tana ce masa Nawa.

Sai aka rufe boda. 'Yan kasuwar Mai'adua suka ɗauke ƙafa. Mai lemon sanyi ya tashi, mai POS ya shiga, shi ma bai daɗe ba. Kemis ya koma ɗakin buhunan gero. Wani dillalin hatsi, Harisu, ya kama shago huɗu, sannan ya aiko neman aurenta.

"Baba, Mahdi nake so."

"Mai gyaran waya a inda ko akuya ba ta leƙowa? Da me zai riƙe ki?"

Wata safiya ta tarar da shago na bakwai a garƙame, an cire allon sunansa. Kwana uku tana kuka, ta ɗauka ya bar garin ba sallama. Rana ta huɗu saƙonsa ya shigo:

"Hasken Idona, an ba Harisu shagon. Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Na kafa tebur a bakin tasha. Ban je ko'ina ba."

Ta mayar masa: "Nawa, ai ba shago na so ba."

Da Harisu ya tabbatar ta ƙi shi, sai ya ƙara wa mai plaza haya ya karɓe shagon mahaifinta. Ranar kwashe kaya babu wanda ya zo sai Mahdi, da motar haya, yana ta ɗaukar dila har ya jiƙe da gumi.

Malam Maharazu ya daɗe yana kallon kantocin da babu komai.

"Ashe jirgi ɗaya ya ɗauko mu, Mahdi. Ka turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, ba taro mai yawa. Da za a kai amarya, tsohon ya dafa kanta.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman da babu mai tashinku."