Hular Da Babu Ƙulli A Cikinta

Somoe ta zuba wa mijinta shayi, ta tura masa farantin mahamri, wato soyayyen burodin da ake karya kumallo da shi, sannan ta zaro wani abu daga cikin zanenta tana sunkuyar da kai. Hula ce fara sol, wata huɗu tana ɗinkinta a ɓoye don Famau ya sa ranar Maulidi. Ya karɓa baki har kunne kamar yaron da aka saya wa takalmin Sallah. Ya ɗaga zai ɗora a ka ke nan, yayarsa ta miƙo hannu ta fizge.

Duk wanda ya san hula a tsibirin Lamu ya san yayar tasa, Mwanaheri. Hannu kam Allah ya ba ta, ba zan hana ta wannan ba, daga Mombasa har Maskat ake aiko mata da aiki. Sai dai bakinta ya fi allurarta tsini, ba ta taɓa ganin ɗinkin wata ta ce madalla ba. Ita ta raini Famau bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun yana ɗan makaranta bai taɓa sa hular da ba ita ta ɗinka ba.

Ta duba bayan hular, sannan ta juya cikinta kamar yadda masu sana'ar suke yi, don a ciki ake kama mai ha'inci, inda ƙulle-ƙullen zare suke taruwa. Ta ƙura wa cikin ido. Sai kuma ta sheƙe da dariya.

"Wannan hula ce ko rariyar shayi? Haka kuke yi a garinku Siyu? Ƙanina ba zai shiga masallaci da wannan a yi da mu a gari ba."

"Dada, ai ta yi ƙoƙari..." in ji Famau, da sunan da yake kiran yayar tasa. Harara ɗaya ta watsa masa ya haɗiye sauran. Ta cusa hular a hammata ta haye sama abinta.

Daga ranar Somoe ba ta sake shan ruwa da daɗi a gidan ba. In maƙwabta suka shigo, Mwanaheri ta ba su labarin rariya. In Somoe ta ɗauki allura za ta ɗinke maɓalli, ta ce a yi maza a ɓoye tufafi kafin a lalata su. Yarinyar ba ta taɓa mayar mata ba, sai ta shige ɗaki ta yi kukanta. Amma ba zagin ne ya fi ci mata rai ba, shirun Famau ne. Mutumin da yake daka wa ma'aikata goma tsawa a wurin sassaƙa jiragen ruwa, a gaban yayarsa sai ya koma ɗan shekara bakwai. Kishi ya kama ta, tana ganin kan mijinta ma ba nata ba ne.

Saura kwana biyar Maulidi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ina son ka, Famau, Allah ya sani. Amma in ba za ka iya buɗe baki ka karɓo mini aikin hannuna ba, ana gama Maulidi zan shiga jirgin Siyu."

Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta tsorata shi. Ya shafe safiyar a bakin teku yana buga ƙusa a inda bai dace ba. Ana idar da azahar ya dawo gida, ya hau matakala.

Ya tarar da Mwanaheri a soro, ta ba ƙofa baya, ta ɗora tabarau biyu a hanci, reza a hannunta. Hular Somoe tana kan cinyarta, an farke kusan rabinta zare bayan zare. A gefe ga ƙyallaye har shida, kowanne an fara kwaikwayon ɗinkin Somoe a kai an watsar.

Ta yi wuf za ta rufe da mayafi, ta ga ya riga ya gani. Ta fara faɗa, wai gyara take yi. Famau ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya juya cikinsa, ga ƙulle-ƙulle nan cunkus. Sai muryarta ta karye.

"Babu ƙulli ko ɗaya a hular yarinyar nan. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, na kasa gane inda take ɓoye bakin zarenta." Ta share ido da bayan hannu. "Kana shiga masallaci da ita tsofaffin nan za su karɓa su juya. Daga nan me ya rage mini? Ba miji, ba ɗa, sunan nan kaɗai gare ni. Kai ma ka tashi daga hannuna."

Tausayi ya kama shi, amma a karon farko bai bari tausayin ya ɗaure masa harshe ba. Ya ce mata ita uwa ce a wurinsa har gobe, babu hular da za ta canza wannan, sai dai ta zalunci matarsa, kuma ba zai sauka ba sai sun sauka tare. Ta daɗe a zaune kafin ta miƙe.

Somoe tana kankare kwakwa suka shigo. Da ta ga abin da aka yi wa aikin wata huɗu, hawaye suka zubo mata. Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ce da an ji mu har bakin teku. Mwanaheri ta tsaya tana murza gefen mayafi, ta kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar ta ce ta yi kuskure, ta nemi gafara, sannan ta ƙara da abin da ya fi yi mata nauyi a duniya.

"Ki nuna mini."

Somoe ta dubi mijinta, ya tsaya kusa da ita bai kau da kai ba. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa tabarma, ta ce kakarta ce ta koya mata, ba wani asiri ba ne, zaren ake komar da shi ta ƙarƙashin ɗinkin da ya gabata. Suka duƙufa har la'asar.

Hular ba ta kammalu kafin Maulidi ba, da tsohuwa Famau ya je. Jirgin Siyu kuma ya tashi ba da Somoe ba. Sai bayan wata biyu ya sa sabuwar ranar Juma'a, kafin magariba wani attajiri ya turo matarsa ta tambayi Mwanaheri ko za ta yi masa irinta.

"Ba aikina ba ne," ta ce, kamar ana zare mata haƙori. "Na matar ƙanina ne. Ni ma a wurinta nake koya."

Ba zan ce muku ta zama waliyyiya ba, har yau in ta ga ɗinkin maƙwabta sai ta taɓe baki. Amma tun daga lokacin, in na ji gwani ya dage yana kushe aikin na ƙasa da shi, ba na tambayar mene ne laifin aikin, tambaya nake me gwanin ya gani da ya tsorata shi. Ke kuma da ake rainawa, ki yi haƙuri ki riƙe allurarki. Mai yi miki dariya a tsakar gida, wataƙila yana can sama yana farke aikinki don ya koya.