Inda Jarfar Fanna Ba Ta Kama Ba

Ranar Talata, 16 ga Maris na 1999, ranar kasuwar Diffa, kwana uku ke nan cif da yi wa Fanna jarfar leɓe, saura huɗu a yarje mata buɗe baki.

Kakarta Hauwa ce ta yi aikin da hannunta, da allura bakwai da aka ɗaure da zare aka tafasa, da baƙin hayaƙin fitila kwaɓe da man shanu. Sau uku ta bi leɓen ƙasa tana cakawa. Sharaɗin kuwa a gaban kowa ta faɗe shi: ba tattasai, ba dariya, ba magana har kwana bakwai. Leɓen da ya tsage kafin ya warke baƙinsa zubewa yake, kuma ba a sake bi ta kan tabo.

Saboda Rufa'i Fanna ta jure wannan azaba. Ɗan ƴan kasuwar Damagaram ne, mai sayen tattasai wurin mahaifinta. Kaka ba ta son baƙon, ta kuma ce ba a aurar da ƴar gidanta da jan leɓe. Sai Fanna ta zauna aka yi, yana can Bosso bai sani ba.

Da hantsi tana kai da kawo a ɗaki ta ji sallamarsa. Kaka ta riga ta tare ƙofa.

"Ba ta ganin maza, ɗan Damagaram."

"Kaka, tambaya ɗaya na kawo, daga bayan labule ma ya isa." Rufa'i ya juya wajen labulen. "Fanna... Balkisa ƴar baffana ta ce a nan ba a yi wa budurwa jarfa sai an sa ranarta. Ta ce an ba wani Babakura ke."

Fanna ta dafe ƙirji. Balkisar da ta riƙe mata kai ranar jarfar, tana ce mata sannu ƙawata!

Ta dubi Kaka ta gefen labule, idanunta na roƙo. Kalma ɗaya daga tsohuwar ta wadatar.

Kaka ta gyara zama, ta ce, "Yau tattasai nawa buhu?"

"Kamiyonmu, motar kayan tattasai, zai tashi zuwa Damagaram bayan azahar," in ji Rufa'i. "Ba zan tsaya a ɗaura miki aure ina kallo ba. In ƙarya ne ki ce ƙarya ne, masoyiyata. In kin yi shiru, na ji."

Fanna ta buga ƙyaure da tafin hannu.

"Bugun ƙyaure ba amsa ba ne, Fanna."

"Ke," Kaka ta ce a hankali, "kin san abin da na ce. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, babu leɓen da ya fita hannuna da gurbi. Kada ki fara."

Takunsa ya soma nisa. Ɗaya... biyu... ya kai bakin zaure.

Fanna ta yaye labule, ta janye gyalen da ta rufe baki da shi.

"Ƙarya ne. Dominka aka yi."

Leɓen ya tsage a tsakiya, jini baƙi-baƙi ya gangaro haɓarta. Rufa'i ya dawo da gudu, ya tsaya cak taku biyu daga gare ta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ki yafe mini... yi shiru, don Allah yi shiru."

"Ɗazu ka ce ta yi magana, yanzu ka ce ta yi shiru," Kaka ta ce tana danna auduga a leɓen. Ta daɗe tana duban tsagar, sannan ta ɗago. "Ka ɓata mini aiki. Babu wanda zan nuna wa wannan leɓe a ce ni na yi shi. Sai ka turo manyanka su kwashi ɓarnarka."

An ɗaura auren ranar Juma'a, 11 ga Yuni na wannan shekara, Balkisa ba ta halarta ba. Jarfar ta kama ko'ina, ban da wuri ɗaya a tsakiyar leɓen, daidai girman ƙwayar tattasai, wanda ya zauna ja har yau.