Littafi na Goma Sha Ɗaya

Auta, kin cuce ni. Ke da ubanki kuka haɗa baki, amma shi ya tafi inda ba zan iya cin kwalarsa ba. Saura ke.

Ke kika shigo mana da wannan gasar karatu. Wai littafi goma sha biyu a shekara, duk labaran mutanen da. Ubanki ya karɓa hannu biyu. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, aka mai da ni mai sauraro. Kullum ya rufe shagon gyaran agogonsa da la'asar, sai ya ja kujera bakin taga.

"Gimbiyata, matso. Yau za a ci garin!"

"Su cinye shi mana. Ni wanke-wanke ne a gabana."

"Jawo kwanukan nan, ki wanke kina ji."

Haka muka gama guda goma. Wajen na takwas ya fara ƙin zuwa shago, na ce lalaci ne. Ya fasa min kofi biyu, na yi masa tas har maƙwabta suka leƙo. 

Na goma sha ɗayan ne ya shiga raina. Labarin wani mai ɗinkin sirdi a zamanin yaƙi, da matarsa mafaɗaciya. Idonsa ya fara mutuwa, ya ɓoye mata, ita kuwa tana ta zazzaga masa masifa.

Na ce, "Wace irin sakarya ce wannan? Mijinki ba ya gani, ba ki lura ba?"

Ya yi dariya har da tari. "Kar ki zage ta, Gimbiyata... ni ina sonta."

Bai kai ƙarshe ba ya rasu.

Jiya na miƙa miki littafin, na ce ki ƙarasa min, a cika masa ƙidayarsa. Kika fara. Jirgin ruwa, 'yan kasuwa, wani gari a bakin teku.

"Tsaya! Ina mai sirdin?"

"Wane mai sirdi, Mama?"

"Mai mata mafaɗaciya! Ko tsallake kike yi?"

Kika duba gaba, kika duba baya, sai kika fashe da kuka.

"Mama... babu shi a ciki. Baba ya daina ganin rubutu tun watanni huɗu kafin rasuwarsa. Ni na kai shi wurin likita. Ya rantsar da ni kar in faɗa miki."

"Amma yana buɗe shafi! Ina kallonsa!"

"Rannan ma a juye na tarar ya riƙe shi..."

A juye! Ina zaune gabansa da soso a hannu, ban sani ba. Ina zan sani? Mutum ya gaya min ciwonsa da bakinsa, baki da baki, na zagi kaina a gabansa, ya kare ni. Ni kuwa a kan kofi na ce masa ba shi da amfani.

Kar ki ce min rantsuwa. Rantsuwar ta fi uwarki? Kalma ɗaya kika hana ni, da na riƙe masa hannu, da na ce ya yafe min.

Kujerarsa na nan bakin taga, ban matsar da ita ba. Ki zo ki zauna a kai, ki dubi idona. Ki faɗa min ranar da likita ya gaya muku, da abin da ubanki ya ce a hanyar dawowa, kar ki rage ko kalma ɗaya. Sannan ki amsa min: da wane ido kika kalle ni ina masa ihu, kika yi shiru?