Layin da Na Goge

Ni ban yi nisa a boko ba, da hannu na koyi gyaran kwamfuta, ina da ɗan shago a Tudun Wada. Ran nan da takwas da rabi na dare, ana ruwa, ina shirin rufewa don Inna na jiran maganinta, sai wani dogon mutum ya yi sallama. Ya miƙo mini filash, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, mai sanyi kamar daga randa aka tsamo shi.

"Malam Zulkiflu, manhajar Linux ce a ciki, irin mai tashi daga filash, in an kashe sai ta manta komai. Ka saita mata abin tayarwa."

"Syslinux ko GRUB, Alhaji?"

"Wanda ba ya gajiya."

A cikin manhajojin tayarwar biyu, na sa GRUB. Zaɓi biyu suka fito a allon: layin filash, da layin komawa kan diskin kwamfutar.

"Goge na komawar," in ji shi. "Ba a buƙatarsa."

Ni ba mai musu ba ne. Na goge, na sa jiran daƙiƙa goma kafin ta tashi. Lambobi suka yi ta sauka har sifiri, fitila ta lumshe.

Na ɗago kai, ba kowa. Na ɗauki maganin Inna na nufi ƙofa, sai aka yi sallama. Shi ne, da filash a hannu. Agogon bango ya koma takwas da rabi. Sai yanzu na lura, duk ruwan nan, rigarsa a bushe take.

Na buɗe baki zan yi a'uziyya, sai na ji muryata tana cewa, a hankali, da ladabi:

"Syslinux ko GRUB, Alhaji?"