Daɓen Gidan Joji

La'asar ce sakaliya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Sadatu na tsaye a barandar tsohon gidan nan na bayan garin Argungu.

Tim... tim... tim...

Daga ciki sautin ke fitowa, ga ƙofa a rufe, ga tagogin katako a rufe.

Gidan Joji ake ce masa, da sunan Baturen da ya fara zama a ciki. Tun farkon zuwan Turawa aka yi shi, ginin ƙasa mai rufin kwano, baranda ta kewaye shi. Kakan Maiwada ne ya gina, shi ya yi gadinsa bayan tafiyar Bature, har gidan ya faɗo hannun jika. Maiwada kuwa shi ne wanda Sadatu ke so kamar ranta.

Tun faɗuwar damina ake jin bugun nan. Kalilu ɗan kwangila, mai son Sadatu da filin gidan gaba ɗaya, ya bi gari yana cewa Maiwada ya ajiye matar aljana a ciki. Shi ya sa jiya mahaifinta, Malam Bawa, ya yanke magana:

"Ko shi rushe wanga kango, ko shi manta da ɗiyata!"

Ta yi bisimilla ta tura ƙofar.

Duhu da warin makubar daɓe suka tare ta. Can tsakiyar ɗaki ga mutum a durƙushe, madaɓi a hannunsa, yana bugun ƙasa.

"Maiwada! Kai ne? Daɓe kake yi?"

Ya saki madaɓin, ya sunkuyar da kai.

"Rufa mini asiri, Sadatuna... Aikin mata ne. In samari sunka ji, ina zan sa kaina? Ƙasar tana tashi, matan gari kuma sun ƙi shigowa."

"Don kunya ka yarda a ce da kai mijin aljana? Baba zai raba mu, masoyi!"

"Ba ni iya rushe shi," ya ce a hankali. "Ba ni kuma iya rasa ki. Amma Sadatu... wani lokaci in na buga ɗaya, biyu nake ji."

Ta waiwaya ta dubi duhun ɗakin.

Ruwa ya goce a kan kwano. Sai ga Malam Bawa a bakin ƙofa da sandarsa, ashe bayanta ya biyo.

"Fito, marar kunya! Kai kuma mi kake ɓoyo a nan?"

"Ga shi, Baba," in ji Maiwada, ya tura taga ɗaya. "Su nake tsaro."

Haske ya sauka a kusurwar ɗakin. Tafukan hannu ne jere a jikin tsohon daɓe. Matan da suka yi aikin, da suka gama, kowace ta danna nata kafin ƙasa ta bushe.

Malam Bawa ya matso yana huci. Sai idonsa ya kai ƙarshen jerin. Sandar ta zame ta faɗi.

Tafi na ƙarshe ƙarami ne, na budurwa, yatsunsa shida.

"Inna Riskuwa... mahaifiyata," in ji shi. "Duk Argungu ita ɗai ke da cindo ga hannun dama. Ina yaro ta rasu. Ko zanenta ban da shi."

Ya durƙusa ya ɗora tafinsa a kan nata.

Tim... tim...

Daga ɗakin ƙurya ne. Sadatu ta dubi madaɓin, yana nan kwance a ƙasa. Ta maƙale a bayan Maiwada.

"Baba, mu tahi!"

"Ƙyale ta," ya ce bai ɗago ba. "Aikinta take dubawa."

Ya jima a haka kafin ya miƙe yana share ido.

"Maiwada, ba mai taɓa wanga gida, ko Kalilu ko wa. Bayan Juma'a ka turo manyanka. Ke kuma gobe ki kirawo ƙawayenki, namiji bai iya daɓe ba, dubi yadda ya ɓata shi."

Sadatu ta rufe fuska tana dariya da hawaye tare.

Zai fita ke nan ya ga kwano na yoyo a kan ɗanyen daɓen Maiwada. Ya sa ƙafa ya jawo wata tsohuwar tasa ƙarƙashin ɗigon, ya ɗauki sandarsa ya shiga ruwa.