Ƙafa Ta Fi Moto

Wanda ya hana ka wahala don yana son ka, alhali wahalar ce maganinka, masoyi ne ko macuci? Ni dai har yau ban sani ba.

"Hau!" in ji Marwan, ya gitta motonsa, wato babur, a gaban Najaha, kan hanyar Kance.

"Ba zan hau ba."

"Hasken idona, wata biyu ya rage bikinmu! Zulaiha ta gaya wa Hajiya kullum da sassafe kina gantali a titi."

Hajiya mahaifiyarsa ce. Zulaiha kuwa 'yar ƙanwar Hajiya ce, ita aka so ya aura.

Najaha ta share gumi. "Ka san ciwon ƙashin bayana. Lokotoro a asibitin Damagaram ya ce zama ke sandarar da shi, kuma kumburin yana iya taɓa zuciya. Tafiyar nan magani ce... Sauko mu taka tare, bakin mutane ya mutu."

"Ni? Ɗan Alhaji Shekara a ƙasa, ga moto? A ce na kasa hutar da matata? Har abada!"

Ta dube shi, idonsa fal tausayi. Abin da ya karya ta ke nan.

Ta hau.

Sati uku tana zaune a ɗaki. Ya aiko katifa mai laushi, ya aiko kaji, safe da yamma yana kira: "Kin huta, rabin raina?"

Ranar da Hajiya ta zo duba ta tare da Zulaiha, Najaha ta durƙusa gaisuwa.

Tashi ya gagara.

Bayanta ya ƙage kamar icce, tana haki sai ka ce ta ɗauko buhun gero daga Tsauni. Mata biyu suka ɗaga ta. Marwan na bakin ƙofa.

"Ba na faɗa ba?" in ji Zulaiha. "Jinya za a auro!"

Hajiya ta harare ta. "Da tana gantalin, ai da kanta take miƙewa." Ta juya ga ɗanta. "Ni na saurari tsegumi, kai kuma ka ɗaure 'yar mutane da katifa!"

Washegari da hantsi aka yi sallama. Najaha ta fito tana dafa bango, ta ga Marwan tsaye.

"Ina moton?"

"Na bar shi gida."

"Mutanen Matamaye za su yi dariya fa, ɗan Alhaji..."

"Su yi. Yau iyakarmu bakin kasuwa, gobe mu ƙara."

Ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya daidaita takunsa da nata.